Shekarar da Auta ta kasa tayar da kabbara

Ruwa ne ya fara tona asirin. A bazarar 2017 Umma ta shiga rigima da mai kurar da ke kawo mana ruwa, wai ba ya cika jarkokinsa. Bawan Allah ya rantse, ya sake rantsewa, har ya ce a riƙa tsayawa a kansa yana juyewa. Aka tsaya, aka ga jarkoki cike suke har wuya. Amma randunan da suka saba kai mu kwana biyu, kafin la'asar sai ka ji moɗa tana kartar gindinsu. Ba wanda ya kawo Auta a ransa. Ita ce mai tattalin gidanmu, ita ce ke yi wa yara faɗa in sun bar buta a kwance. Shekararta 17 a lokacin, tana ajin ƙarshe na sakandare, ta kusa sauka a Islamiyya.

Ni na fara gani, domin ɗakinmu ɗaya, kuma barcina ba shi da nauyi. Tun kafin kiran sallar farko nakan ji ta zare sakata a hankali. Wata asuba na bi bayanta na tsaya a bakin ƙofa. Tana tsugune a bakin rariya da butoci biyu da bokiti. Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta shaƙa ruwa, ta wanke fuska, ta kai gwiwar hannun dama, sai ta tsaya cak tana kallon gwiwar. Ta juya hannun, ta shafa, ta sake kallo. Sai ta koma farko. Can na ga ta kai ƙafa, har na yi hamdala a raina, sai ɗigon ruwa ya fallatso daga ƙasa ya taɓa idon sawunta. Ta ajiye butar, ta dafe kai da hannu biyu. Sannan ta tashi ta sake ciko bokiti.

Alwalar ma da sauƙi a kan sallar. Sai ta hau darduma, ta gyara hijabi, ta ɗaga hannu daidai kafaɗa, ta ce "Allah…" sai hannun ya sauko. Ta numfasa, ta sake ɗagawa. Wai niyyar ce ba ta zauna ba. In ta samu ta tayar, tana shiga raka'a ta biyu sai ta sallame, wai ta ji alamar iska ta fita, ko ba ta tabbatar ta karanta Fatiha ba. Akwai ranakun da gari kan waye tangararan, masu koko su fito, yara su wuce makaranta, Auta na tsaye a kan darduma ba ta idar da raka'a biyu ba, ƙafafunta na rawa, hawaye na bin kumatunta.

Da farko Umma har alfahari take yi. In ƙawayenta sun zo sai ta ce autarta ta fi kowa riƙon addini a gidan. Ni ma haka na ɗauka, ibada ce ta yi yawa, ƙuruciya ce, za ta wuce. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ƙamewar da ta soma yi. Kuna tsaka da hira, ko tana tuƙa tuwo, sai ta sandare. Ido a kafe wuri guda, leɓe na motsi, ka kira ta ba ta amsawa. In ka girgiza ta sai ta fashe da kuka ta ce ka ɓata mata. Ɓata me, ba ta faɗa. Daga makaranta aka aiko wa Abba cewa hankalin yarinyar nan ba ya aji. Malamarsu ta lissafi, wadda ke ƙaunarta ƙwarai, ta nuna mini takardar gwajinta: tambayoyin farko kawai ta amsa, duka daidai, amma ta goge ta sake rubutawa, ta goge ta sake, har takardar ta huje.

Kowa a dangi ya kawo tasa. Gwaggo ta ce iska ce, tun ranar da yarinyar ta zubar da ruwan zafi a rariya da magariba ba bisimilla. Kawu ya ce shagwaɓar 'yan auta ce da tsoron jarrabawa, a bar shi da ita kwana biyu a gani. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo mai ruƙiyya. Ba na raina ko ɗaya, domin karatun Alƙur'ani kan sa ta samu barci a daren. Amma na lura da abu guda: duk ranar da aka ce mata akwai wani abu a jikinta, washegari wanke-wanken nata ya ninka. Hannuwanta suka yi fari fat, tsakanin yatsu ya tsattsage, sabulu na taɓawa tana runtse ido don zogi, ba ta fasa ba.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta ce wa Umma akwai irin farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, sai dai ya ƙame na ɗan lokaci bai san inda yake ba, don haka a kai ta asibiti. Likitan da ya fara ganin ta ya saurari bayaninmu, mu muka yi maganar, Auta kanta na ƙasa. Ya rubuta a yi mata gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda suke kira EEG. Umma na jin an ambaci lantarki ta dafe ƙirji, ta ce ita dai kada a jona wa 'yarta wuta a kai.

An ce a tsefe mata kitso, a wanke kan da sabulu, kada a sa mai ko kaɗan. Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma, ta zauna tsakanin ƙafafuna, na ɗauko kibiya ina tsefe mata shuku. An ɗauke wuta, fitilar caji ce a gefenmu. Muna cikin haka ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Yaya, injin nan zai nuna musu abin da nake tunani?"

Na ce haba, ina injin da zai iya wannan. Na ji kafaɗunta sun ɗan sauka. Can kuma ta ce:

"Da zai nuna, da kun kore ni daga gidan nan."

Na tsaya da tsifar. A hankali, tana yi tana haɗiyar yawu, ta gaya mini akwai maganganu da ke faɗo mata a zuciya game da Allah da Manzonsa, munana, waɗanda ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta furta ba. Ba ita ke kiran su ba. Sun fi zuwa a cikin salla. Duk wadda ta zo sai ta ga ta fita daga Musulunci, dole ta maimaita kalmar shahada sau bakwai ba tare da wani tunani ya gitta ba, in ya gitta ta koma farko. Ƙamewar ke nan. Tana jin kiranmu sarai, halin amsawa ne ba ta da shi.

Tsigar jikina ta tashi. Na ce ta yi ta'awwuzi, ta daina bari irin wannan na shigo mata. Iyakar abin da na sani ke nan a daren. Ta ce, "Yaya, wata nawa nake korar su?" Na ƙarasa tsifar hannuna na rawa. Ban gaya wa kowa ba, ko Umma.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, mai sanyin na'ura, da gado ɗaya da kwamfuta a kan tebur. Ma'aikaciyar, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta fara da Umma. Ta ce injin ba ya saka wa mutum wuta, saurare kawai yake yi. Ƙwaƙwalwa da kanta take samar da lantarkin, da shi ƙwayoyinta ke aika wa juna saƙo, kuma abin da ke isowa fatar kai kaɗan ne ƙwarai, da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ake auna shi, alhali batirin tocila bolt 1.5 ne. Ta ɗauko tef irin na tela, ta auna kan Auta daga tsakanin gira zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, tana ɗiga alama da jan fensir. Sannan ta riƙa buɗe gashin, ta goge wurin, ta lakato wani farin abu mai danƙo, ta manna ɗan faifan ƙarfe mai waya. Guda 21 ta manna, wayoyi kala-kala suna reto a wuyan ƙanwata.

Tun shigarmu Auta ba ta ce uffan ba sai a nan. "Anti, wannan abin da kike shafa mini mai tsarki ne? Ba zai hana ruwa taɓa kaina ba in na zo shafa?" Ma'aikaciyar ta ɗago ta dube ta, ta dube ni. Ta ce da ruwan ɗumi yake fita.

Aka kwantar da ita, aka rage haske. Ina zaune inda nake hango allon kwamfutar. Layuka ne a jere, kowanne na rawa. Da farko wasu sun yi baƙi ƙirin, sun cukurkuɗe, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, ga ciwon. Ma'aikaciyar ta ce a'a, haƙora ne ta datse, naman muƙamuƙi ma yana da nasa lantarkin, har ya fi na ƙwaƙwalwa ƙarfi. "Ƙanwata, saki bakinki. Saki goshinki." Da ƙyar ta saki. Aka ce ta rufe ido. Sai na ga wasu layukan, waɗanda aka ce na bayan kai ne, sun daidaita, suna hawa da sauka a tsare gwanin sha'awa. Aka ce ta buɗe, suka baje nan take. Ta rufe, suka dawo. Wannan kaɗawar, sau 8 zuwa 13 a sakan ɗaya, ita ake kira alfa, ita ce kuma Hans Berger, likitan ƙwaƙwalwa a birnin Jena na Jamus, ya bayyana wa duniya a 1929, bayan ya soma ɗaukar lantarkin kan ɗan Adam a 1924. A ranar ban san sunansa ba. Ina dai kallon ƙwaƙwalwar ƙanwata tana bin umarni tsaf, ina tambayar kaina to ina ciwon ya ɓuya.

Aka sa ta jan numfashi da ƙarfi tana fitarwa har minti 3, domin hakan kan taso da farfaɗiyar ƙamewa, wadda ke da tambarinta a kan layukan, tsini da tudu sau 3 a sakan. Aka kunna mata fitila mai walƙiya a fuska. Bayan an kashe fitilar na ga leɓenta ya fara motsi, ɗan yatsanta na ƙirge a kan zanin gado. Na taɓa ma'aikaciyar na ce ga shi nan, abin ya zo. Ta danna alama a kwamfutar, ta kira sunanta, ta faɗi wata kalma ta ce ta riƙe. Layukan ba su rikice ba. Da Auta ta gama ƙirgarta aka tambaye ta kalmar, ta faɗe ta daidai.

Sakamako ya fito: babu farfaɗiya, lantarkin ƙwaƙwalwa lafiya lau. Umma ta ɗaga hannu tana hamdala a barandar asibiti. Aka kira Kawu a waya, ina jiyo muryarsa: "Ba na gaya muku ba? Lafiyarta ƙalau." A cikin adaidaita sahu Auta ta kifa kanta a cinyata, busasshen farin danƙon nan na zubowa ta ƙarƙashin hijabinta, tana cewa, "Yaya, in ba ciwo ba ne, ashe ni ce. Ashe daga zuciyata ne." Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba. Na gane yarinyar nan ta kwana tana fatan a ce farfaɗiya gare ta.

Allah ya saka wa ma'aikaciyar nan da alheri. Ta rubuta abin da ta gani, har da tambayar tsarkin, likitan kuma ya tura mu ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Abba ya daɗe bai amince ba. Ba mugun nufi ba ne, auren yarinyar yake hangowa, da bakin mutanen unguwa. Ƙarshe ya ce, "Ku je, amma kada kowa ya ji."

Likitan ɓangaren ya roƙi Umma ta ɗan jira a waje, ni kuma Auta ta riƙe gefen mayafina, ya bar ni. Bai tambaye ta ko tana ganin aljanu ba. Cewa ya yi, "Akwai tunanin da ke zuwa miki, kina ƙin sa, kina korar sa, yana dawowa?" Karon farko ke nan da na ga ta ɗaga kai ta kalli wani likita. Ya ci gaba: kina yin wani abu don ki samu sauƙinsa? Sauƙin yana daɗewa? Awa nawa abin ke ci miki a yini? Tana amsawa tana kuka. Ya ce sunan abin cutar waswasi, likitoci na ce mata OCD. Kusan mutum 2 cikin 100 kan same ta a rayuwarsu, kuma ta fi farawa a shekarun ƙuruciya. Ya ce takan kama mutum ne ta wajen abin da ya fi daraja a wurinsa. Mai jego sai ta riƙa ganin za ta cutar da jaririnta, mai tsafta sai ƙazanta, mai riƙon addini sai munanan kalamai a cikin ibada, kuma Kirista ma na zuwa masa da irin nasu. "Kin taɓa jin daɗin tunanin nan ko sau ɗaya?" Ta girgiza kai da ƙarfi. Ya ce, "To, ki riƙe wannan."

Ni abin da ke cina daban ne. Na ce, "Likita, in ciwo ne, me ya sa gwajin bai nuna komai ba?" Ya ce gwajin ba don wannan aka yi shi ba, farfaɗiya aka nema, ba a samu ba, kuma wannan ma ci gaba ne. Ya juya bayan katinmu ya zana layi mai tsini guda. Ya ce in tuna mai sauraren hadda, wanda ke riƙe da Alƙur'ani yana bin ka, da ka zame ya buga tabarma. Kowa yana da irinsa a cikin kansa. Na Auta bugunsa ya yi ƙarfi, kuma ba ya gamsuwa da gyara.

Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, don haka na bi zanen nan da karatu, dare bayan dare, a waya. A farkon shekarun 1990 Michael Falkenstein a Jamus da William Gehring a Amurka, kowanne da abokan aikinsa, suka gano cewa in aka manna wa mutum irin wayoyin nan, aka sa shi danna maɓalli da sauri a kwamfuta, duk sanda ya danna ba daidai ba sai wani tsini ya bayyana a lantarkin tsakiyar gaban kansa, cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan. Alamar na tasowa ne daga wani lungu can ciki, inda ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa ke fuskantar juna ta gaba. A 2000 Gehring da abokansa a Jami'ar Mishigan suka gwada masu cutar waswasi, suka tarar tsinin nasu ya fi na sauran mutane girma. An maimaita gwajin a ƙasashe da dama, ga manya da yara, ana samun haka. Wasu ma sun ga alamar na tashi fiye da kima ko da mutumin ya danna daidai. Gwajin da aka yi wa Auta ba zai kama wannan ba, domin a kwance take ba ta aikin komai, kuma tsinin ƙarami ne, sai an tara danni masu yawa an fitar da matsakaicinsu yake bayyana. Bambancin kuma tsakanin rukuni da rukuni ne, ba a ɗaukar mutum ɗaya a yanke masa hukunci da tsininsa. Har gobe da tambaya da saurare ake gane cutar nan.

A nan ne hujajjiyar takardar lissafin ta yi mini ma'ana. Wata da watanni muna cewa hankalin Auta ya tafi, alhali yana nan daram, a ɗaure a wuri ɗaya: gwiwar hannu, harafin da ta rubuta, kalmar da ta gitta mata. Yarinyar da ke fama da wannan bugun a kowane layi, ta ina za ta ji abin da malama ke faɗi a gaban allo?

Wani binciken ya fi taɓa ni. A 2003 masana biyu a Holan, Marcel van den Hout da Merel Kindt, suka sa ɗalibai masu lafiya su riƙa kunna murhun gas na cikin kwamfuta, su kashe, su duba, har sau 20. Da aka tambaye su game da duban ƙarshe, ba su manta ba, amsarsu daidai take, amma abin ya dusashe musu, sun rage yarda da tunawarsu. Wato yawan dubawar da kansa ke haifar da kokwanto. Auta na wanke gwiwar hannu karo na goma don ta tabbata, karo na goman kuwa shi ke ƙara raba ta da tabbacin. Ni kuma a watannin nan na zama shaidarta. Takan ce in tsaya in ga ruwa ya game, in zauna a bayanta in ƙirga mata raka'o'i. Da zuciya ɗaya nake yi, taimako na ɗauke shi. Likita ya ce wannan ma dubawa ce, da idona take yin ta.

Sai kuma abin da aka samu a Berlin a 2011. Anja Riesel da abokan aikinta sun gwada 'yan'uwan masu cutar na kusa, waɗanda su ba su da ita, suka tarar su ma tsinin nasu babba ne. Na daɗe zaune bayan na karanta wannan. Ni ce mai komawa in ja kwaɗon ƙofa bayan na kulle. Abba ne mai ƙirga kuɗin ciniki, ya ɗaure da kyauro, ya kwance ya sake ƙirgawa. Mu bai hana mu komai ba. Amma tun daga daren na daina kallon Auta a matsayin wadda wani baƙon abu ya faɗa wa daga waje.

Likita ya rubuta mata ƙwayar fuloksetin, ya ce kada mu sa ran ganin aikinta sosai kafin wata biyu zuwa uku. Sannan ya faɗi ɗaya rabin maganin, wanda wani masani, Victor Meyer, ya fara gwadawa a Landan a 1966: ta fuskanci abin da take tsoro, ta kuma hana kanta maimaitawar, har fargabar ta sauka da kanta. Buta ɗaya, alwala ɗaya, kabbara ɗaya. Auta ta ce, "Likita, in na yi salla da alwalar da ban tabbata ba, wa zai ɗauki zunubin?" Bai yi mata gardama ba. Ya ce wannan ba fagensa ba ne, mu je wurin malamin da muka yarda da shi, mu tambaye shi hukuncin mustankihi.

Abba da kansa ya kai mu zauren tsohon malaminsa. Yana zaune a kan buzu, littattafai masu jar takarda jibge a gefensa. Ya saurari Auta har ƙarshe, bai katse ta ba, bai yi salati ba, fuskarsa ba ta canza ba.

"Kullum yake zuwa miki?"

"Kullum, Allah gafarta Malam. Kowace salla."

Ya sa aka miƙo masa Ahalari, littafin da ta karanta tun tana firamare, da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta warware, sake ta zai yi, wanda ya yi shakkar raka'a zai yi gini a kan abin da ya tabbatar. Amma mustankihi, wato wanda shakka ta aure shi, take zuwar masa kullum, hukuncinsa daban ne: ya yi watsi da ita, ba zai sake alwala ba, ba zai kawo abin da ya yi shakka a kansa ba, sai ya yi sujada ba'adi. Ya nuna mata wurin da ɗan yatsa, ya sa ta karanta da bakinta. "'Yata, ke wannan babin ne naki. Maimaitawar nan da kike yi, ita ce saɓa wa littafi." Game da maganganun zuci kuwa, ya ce sahabbai ma sun kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan irinsu, bai ɗauke su kafirai ba, ƙyamar da suke wa tunanin ma ya lasafta ta alamar imani. Ya tuna mata cewa da mudu guda na ruwa Annabi yake alwala. Daga baya na ga cewa tun ƙarni na 9 zuwa na 10 Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta a kan waswasi a matsayin rashin lafiya mai buƙatar magani. Abin na nan a littattafanmu, a gidanmu ne ba wanda ya haɗa shi da ƙanwata.

Asubar farko cikin hunturu ce. Na cika mata buta ɗaya, na zauna a kan murfin bokitin, kamar yadda muka yi yarjejeniya a gaban likita. Ta yi alwala, ta miƙe, gumi na keto mata a cikin wannan sanyi. "Yaya, ruwa ya taɓa diddigena?" Na faɗi abin da aka koya mini: "Mun yi alkawari ba zan amsa ba." Ta roƙe ni don Allah, don Annabi, don darajar Umma. Sannan ta ce ni muguwa ce, so nake ta shiga wuta, kalmar da ba ta taɓa gaya mini ba tun haihuwarta. Ina zaune a kan bokitin ina kuka, ita ma tana kuka. Ta shiga ɗaki ta tayar da kabbara, muryarta na karyewa, ta yi raka'a biyu, ta yi ba'adi, ta zauna tana makyarkyata. Muna da littafin rubutu da take sa wa fargabarta maki daga 0 zuwa 10. Ta rubuta 10. Kafin rana ta fito ta karɓi biron ta rubuta 6, tana kallon lambar tana mamaki, domin ba ta wanke komai ba.

Ba kullum muke cin nasara ba. Akwai ranakun da nakan tarar ta faki idona ta koma rariya. Ƙwayar ta sa ta tashin zuciya da rashin barci a makonnin farko, har Umma ta so a daina. Jarrabawar shekarar ta wuce ta, sai ta shekara mai zuwa ta rubuta, ta kuma ci. Kawu har yau yana nan a kan bakansa cewa girma ne ya zo mata. Su masu binciken, da suka sake gwada masu cutar bayan sun samu sauƙi, yara a Amurka da manya a Berlin, sun tarar tsinin nan bai ragu ba, duk da wanke-wanke da dube-duben sun ragu. Na tambayi Auta ko haka ne a wurinta. Ta ce har yanzu takan ji alwalar ba ta yi ba, musamman in ta gaji, sai dai yanzu tana iya tafiya da jin a jikinta har ta idar.

Ta yi aure a wani gari, kuma kafin a ɗaura ta zaunar da mijin ta gaya masa komai, da sunan ƙwayar da take sha. Bayan haihuwarta ta fari abin ya sake ɗago kai, kamar yadda likita ya gargaɗe mu cewa ciki da jego kan taso da shi. A azumin da ya wuce, ana dab da sahur, wayata ta yi ƙara.

"Yaya, yaron nan ya yi mini fitsari a zani. Na wanke, na canza wani, amma ina ga hannuna ya taɓa sabon kafin ya bushe. Ke a ganinki…"

Na san muryar. Na ce, "Auta, sau nawa kika canza zani a daren nan?"

Shiru. Sannan ta ce uku.

"To, kin san abin da zan ce."

Ta kashe wayar. Abincin sahur ɗin bai shiga ba, ina ta ɗaukar wayar ina ajiyewa, domin kalma ɗaya ce za ta ba ta barci a daren, kuma ina da ita a bakina. Ban kira ba. Washegari bayan azahar ta kira da kanta, tana tambaya ko telanmu zai karɓi ɗinkin Salla a kurarren lokacin nan, atamfa biyu da 'yar rigar yaron. Na ce ta aiko da awon. Har za mu yi sallama ta ce ta yi wa likitanta magana, ya ba ta ranar Talata, kuma baban yaron ne zai kai ta.